Gudajin Tuwon Ƙarfe

Ƙarfe biyun dare a Harobanda,
ni da injin gwaji muna gadin juna.
Ya ja, ya saki. Ya ja, ya saki.
Sau goma kafin in ƙifta ido.
A haƙoransa akwai ɓallin sanholo,
tsawon tafin hannu,
da tabon haɗi a tsakiyarsa.

Ba wuta ce ta haɗa shi ba.
Da na faɗa wa babana haka, dariya ya yi har goro ya ƙware shi.
Tankari ke nan, shekara talatin da ɗaya a Katako,
yana narka gwangwani da mataccen fistan,
ya zuba a ƙasa, su fito tukwane.
Ya ce, ƙarfen da bai narke ba,
ta ina zai san ɗan'uwansa?
Na ce, Baba, tuna muciyar Inna.
Wata ƙusa ce mai kafaɗa, tana juyi,
ta nutse tsakanin faranti biyu,
guga ta gasa su har su yi laushi,
ba su kai ga zama ruwa ba,
ta tuƙa su, ta wuce,
ta bar zobe-zobe kamar sawun mara a bayan malmala.
Ya yi shiru, ya tofar da tuka.
Ya ce, to, ai tuwo ma yana gudaji.

Gudajin nan ya hana ni barci.

Duk ja dubu goma sai in tsayar da inji,
in kafa ido a madubi, in auna.
Da la'asar ba ta kai kaurin gashi ba.
Da isha'i ta ɗan matsa,
a gefen haɗin, inda zafi ya ratsa ya bar ƙarfen da sanyin jiki.
Ba ta gaggawa. Gara ma ta fi ta hayaniya.
Nauyin da ke kanta bai isa ya karya komai ba,
ko sau ɗaya, ko sau dubu.
Dawowar ce.

Nayussa yana kan hanyar Tawa yanzu haka,
tankin ruwan gas a bayansa,
daga Dogon Dutsi zuwa Ƙonni rami na miƙa shi ga rami.
Kowane rami ja ne, kowane tudu saki.
Ni ina da agogo mai ƙirga mini.
Shi wa ke ƙirga masa?

Bara kafaɗar Baba ta tafi.
Ba ludayin narkakken ƙarfe ya ɗaga ba,
buta ce, rabinta ma ba ruwa.
'Yan dubiya suka yi ta salati:
buta, Tankari? Buta?
Ban ce komai ba.
Na san butar ta zo ne a ƙarshen lissafi.

Wajen huɗu da rabi ta daina rarrafe.
Abin da ta ci a wuni, ta ci shi kafin shayina ya huce.
Sai ƙas,
kamar an ɓare goro a ɗaki na gaba.
Dubu ɗari huɗu da goma sha biyu, da ɗari uku da shida.

Na juya karayar ƙarƙashin fitila.
Kashi biyu cikin uku sumul,
layi bayan layi, irin wanda Isa ke bari a yashi
in ruwa yana ja da baya,
kowane layi da lokacin da na auna shi.
Sauran ɗan gefen ne mai kaushi,
aikin daƙiƙa guda.
Shi mutane ke gani su ce tsautsayi.

Ladan ya gyara murya a masallacin bakin gada.
Na rubuta lambar, na ɗaura wani ɓallin,
na lalubo waya:
in ka tsaya salla a Ƙonni,
ari tocila, ka shiga ƙarƙashin tankin,
bi haɗin da farce, a hankali,
inda ya kama, kira ni.